Kilo Saba'in a Sikelin Fanta

Tun ranar da aka liƙa hoton nan a jikin rumfar Abdulmumin, layin 'yan hatsi na kasuwar Jalingo bai sake samun lafiya ba. Mutum biyu ne a hoton, ba riga, kowa ya dunƙule hannu. Na dama Michael ne, ɗan Fatakwal, wanda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Tirela saboda faɗin ƙirjinsa. Na hagu kuwa Imrana ne ɗan unguwar Sintali, ɗan farin Fanta mai masara, wadda rumfarta ke kallon ta Abdulmumin. Saura kwana goma sha biyu su haɗu a Abuja, cikin keji, a irin damben zamanin nan da ake haɗa naushi da shuri da kokawa.

Shinkafa Abdulmumin yake sayarwa, amma in ka ji bakinsa sai ka rantse a cikin keji aka yanke masa cibiya. Kullum da hantsi sai ya tara mutane a kan wayarsa ya fara lissafi: Tirela ya yi wasa tara, bakwai a ciki sai da aka yayyafa wa abokin karawarsa ruwa kafin ya gane inda yake, ga hannu dogo kamar taɓarya. Masu goyon bayan Imrana su ce nasu ma wasa shida ya yi ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, da kokawa ya taso, in ya kama ƙafarka ka tafi ke nan, zai shaƙe ka har ka bubbuga ƙasa da kanka. Su ƙara da cewa Tirela haki yake yi da an shiga zagaye na uku. Abdulmumin ya ce to ai sai an kai na ukun tukuna. Ranar Litinin sai bakin ya zarce. Ya nuna haƙarƙarin Imrana a hoton, ya ce ku dubi yaro kamar ba a ɗora tukunya a gidansu.

Fanta na zaune tana tsince masara, ta ji. Ba ta ɗaga kai ba. Bafulatana ce ta gaske, kuma Imrana ɗan fari ne, shekara ashirin da huɗu sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai", in za ta yi maganarsa ta ce "wancan". Ranar da ya ci wasansa na shida aka zo mata barka, tambayar mutane ta yi ko an yi ruwa a Zing. A zuci kuwa Allah kaɗai ya san yadda take ji da yaron, ko inuwarsa ta gani a bakin zaure sai ƙirjinta ya cika. A ce Tirela ya fi shi naushi, wannan maganar maza ce, can su ƙarata. Amma a ce ba a ɗora tukunya a gidanta? Wannan kam ita aka zaga.

Mahaifinta ma ɗan kokawa ne a zamaninsa, kuma ta tuna sarai yadda ake yi: in wasa ya matso, mako guda ake yi ana ɗura masa kindirmo da man shanu. Saboda haka ta tashi kasuwa da wuri, ta ɗora tukunya. Da safe fura da kindirmo cike da ƙwarya. Da rana sakwara mulmula uku da miyar agushi. Da yamma tuwon masara, man shanu na kwance a kan miyar kuka. Ta ajiye masa ta juya baya. Imrana ya dubi kwanon, ya dubi bayan uwarsa, ya yi bisimilla. Haka aka yi kwana shida, kwano na dawowa a sharce, ita kuwa ranta fes.

A rana ta bakwai sai ga Andrawus a kasuwa, yana jan Imrana a baya. Andrawus shi ne mai horar da shi, tsohon ɗan kokawa ne daga Nukkai, mutum mai fara'a, amma yau fuskar ba annuri. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya yi mata bayani da Hausarsa ta Jalingo. Wannan wasa ba irin na da ba ne. Ana gobe wasa ake ɗora kowa a kan sikeli, kuma yarjejeniyar kilo saba'in ce. Wanda ya wuce, a soke shi, a ɗauko wani a sa a gurbinsa. Shekara biyu suna neman wannan dama. Imrana kuwa da safen nan saba'in da huɗu ya auna.

Fanta ta ce ƙarya ne. Ɗan sikelin nan nasu da ake takawa kamar faranti, shi ne zai gaya mata nauyin abin da ta haifa? Ta tashi ta sauke buhun da ke kan nata sikelin, babba na ƙarfe, wanda shekara ashirin ba a taɓa kawo mata ƙarar awonsa ba. Ta nuna da haɓa. Imrana ya cire takalmi ya hau. Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya cak a kan saba'in da huɗu.

Ta sake duban allurar. Da kowa take musu a duniya, ban da wannan sikelin.

"Kai, ka san da wannan doka?"

"Na sani, Dada."

"To me ya hana ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai. "Kwanonki ne. Ban taɓa mayar miki da kwano da saura ba."

Andrawus ya ƙara da cewa kullum da asuba yaro sai ya yi gudu har bayan gari ya dawo, wai ko abincin zai ƙone, amma ina, man shanu ya fi ƙarfin gudu. Kunya ta kama Fanta, ga tausayi, ga kuma alfahari. Ɗa ne da ya gwammace ya rasa Abuja da ya ture kwanon uwarsa. Ta gyara mayafi, ta ce wa Andrawus ya zauna ya faɗa mata abin da ake ci da abin da ba a ci, kada ya rage ko ɗaya.

Daga ranar girki ya canja a Sintali. Zogale dafaffe, kifi gasasshe ba mai, ƙwai biyu, gishiri ɗan kaɗan. Wallahi zuciyarta ciwo take yi duk lokacin da ta ajiye masa wannan abin da ba za ta ba mai jinya ba, amma hannunta bai ƙara ko loma ba. Wadda ta saba awo ai ba a koya mata tsayawa kan ƙa'ida. Kowace safiya bayan gudu ya biyo ta kasuwa ya hau sikeli. Saba'in da uku. Saba'in da biyu. Saba'in da ɗaya da ɗigo.

Ranar tafiya, kafin su wuce tasha, layin 'yan hatsi ya cika maƙil, har masu turin baro sun ajiye aiki. Imrana ya ajiye jaka, ya cire riga da takalmi ya hau. Allura ta yi sama, ta dawo, ta zauna daram a kan saba'in. Andrawus ya rufe fuska da hannu biyu, mutane suka ɗauki tafi.

Abdulmumin dai ba ya raina abin magana. Ya ce to madalla, an samu shiga, amma a dubi hoton nan a faɗi gaskiya, Tirela ya ninka yaron nan.

Fanta ta miƙe. Ba ta taɓa sa baki a musun nan ba, shi ya sa kowa ya juyo yana kallonta. Ta ce Tirelan nan ma sikeli zai hau, kuma saba'in zai auna ko ya koma Fatakwal. Ta ce shekara nawa Abdulmumin yana sayar da hatsi, bai taɓa ganin buhu biyu masu nauyi ɗaya ba, ɗaya ya kumbura da ƙaiƙayi, ɗaya tsaba zalla? Ta ɗora hannu a kan ƙarfen sikelin.

"Wannan ni na auna shi da hannuna. Ranar Asabar Imrana zai kai mutumin nan ƙasa."

Wata tsohuwa mai sayar da gero ta dafe baki. Imrana na tsaye a kan sikeli, riga a hannu, ya kasa sauka. Tunda aka haife shi bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba sai yau, a tsakiyar kasuwa. Ya durƙusa a nan inda yake, idonsa ya cika.

Fanta ta juya baya ta koma kan buhunta, ta ce wa Andrawus su yi sauri kada mota ta cika.