Ranar da Barakatu Ta Faɗi Sunan Ɗanta

Shekara biyu da isowar jirgin ƙasa Zariya, Ɗanmalam ya sami aikin lodin auduga a tasha, ya ɗauko matarsa Barakatu daga Samaru suka kama ɗaki a Sabon Gari. Nan ta haifi ɗanta na fari, Dalhatu. Ita dai ba ta taɓa furta wannan suna ba. Ɗan fari ne, kunya ta hana. "Wancan" take ce masa, in da mutane ko kallonsa ba ta yi. Amma da an watse sai ta juya shi ciki da bai, har tsakanin yatsun ƙafa.

Haka ta ga farin idonsa ya koma rawaya yana da wata biyar. Ta aika Samaru, surukarta Kaltume ta iso da ƙullin sassaƙe.

"Ina angon nawa? Kai, malalaci, ko tarbata ba za ka yi ba?" Ta ɗaga shi sama. "Shawara ce. Jiƙo zai sha, wanzami ya yi masa tsaga a ciki."

Barakatu ta ji tsagar nan har cikin nata cikin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, an ce akwai ɗakin magani bayan tasha. Da an fara kai wancan."

"Wancan wa? Tulu ko tabarma?"

Kaltume ta yi dariya, ta goya jikanta, suka tafi.

A ɗakin maganin suka tarar da Susanna, wata dattijuwa mai taimaka wa likita, Hausarta tar. Barakatu ta laɓe a bakin ƙofa, ta ja mayafi har hanci.

"Iya, kwana nawa da fara ciwon?" in ji Susanna.

"Jiya-jiyan nan," in ji Kaltume.

"Yana kama nono?"

"Kamar kura!"

"Kashinsa fa?"

"Lafiya lau, irin na kowa."

Susanna ta gyaɗa kai. "To, da sauƙi. Ku je gida, in bai washe ba ku dawo bayan mako guda."

Mako guda! Kafin nan wanzami ya gama aikinsa. Barakatu ba ta san sanda ta tsinci kanta a tsakar ɗakin ba.

"Ba jiya ba ne, yau kwana shida! Kashinsa fari fat kamar alli, fitsarinsa ja har yana rina zane. Nono sau uku ya kama jiya, da can ba ya ƙirguwa. In an taɓa nan, ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sai ya ƙwalla ƙara. Don Allah ki duba min Dalhatu!"

Kaltume ta dafe ƙirji. "La ilaha! Yau na ga ƙarshen zamani."

Susanna kuwa tuni ta kwantar da yaron, ta danna inda uwar ta nuna, ya tsandara kuka. Ta kira likita, wani Bature. Ya duba, ya ce hanta ce ta kumbura. Susanna ta fassara: ba jiƙo, ba tsaga, nono kawai, sai wani ruwan magani rabin cokali safe da yamma, a kawo shi duk bayan kwana uku.

"Kuma uwar za ta riƙa kawo shi," ta ƙara. "Iya, ke ki riƙe mata mayafin."

"Ji min mata! Ni da mijina?"

A hanya Kaltume na goye da jikanta har suka wuce masu sayar da rake. Sannan ta kwance goyon ta miƙa. "Ungo. Tunda kin iya sunansa, ki iya nauyinsa."

Barakatu ta ɓoye cokalin a cikin kwallarta, ba mai taɓa shi sai ita. Sati na biyu kashin ya soma yin launi, ta kai wa Kaltume tsumman har gabanta kamar wadda ta tsinci zinariya. Sati na biyar idon ya washe, Dalhatu ya cafke ɗan kunnen kakarsa ya ƙi saki.

Ran da Kaltume za ta koma Samaru, matan gidan suka taru, tana ba su labarin yadda ita da kanta ta gano ciwon hanta tun kafin likita. Barakatu na gefe tana tankaɗe.

"Inna, a miƙo min wancan, lokacin maganinsa ya yi."

"Wancan wa? A ɗakin maganin Bature kin faɗa, mu ne ba za mu ji ba?"

Barakatu ta rufe fuska da faifai tana dariya, ta miƙa hannu ɗaya ta karɓi ɗanta.