Dodon Koɗi a Ƙetaren Kogi

Tun ranar da aka ba su ɗan filin lambu a bayan tashar jirgin ƙasa Ama Kyizom ta daina ciwon gwiwa. Ɗanta Wangdu ya ce ciwon yana nan daram, mantawa da shi kawai take yi. Ko ma dai mene ne, tsohuwar da ta ƙetare duwatsun Tibet da ƙafa, ta sha zaman jira a Nepal, ta sha na sansanin masu neman mafaka a nan Suwizalan, yau ga ta da ƙasar da za ta cusa yatsa ta ce tata ce. Filin bai taka kara ya karya ba, amma idan tana zancen kabejinta sai ka rantse gandu ne.

Da ruwan sama ya kankama, sai dodon koɗi suka fito kamar an yi musu gayya. Sauran masu lambu ba sa wata-wata: wani gishiri, wani guba, wani almakashi. Ita kuwa Kyizom ko sauro hure shi take yi, balle a Saga Dawa, wata mai tsarki ga mabiya addinin Buddha irinta, da ake ninka lada, a ninka zunubi. Sai ta riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya cikin bokiti tana yi musu addu'a, sannan ta leƙa hagu da dama, ta juye su ta saman shinge cikin lambun Herr Imboden, shugaban ƙungiyar masu lambun.

A cewarta, baƙo inda abinci ya fi kyau ake sauke shi, kuma latas ɗin Imboden babu irinsa. Amma gaskiya ɗaya ce: tun ranar da ya sa ta sauke tutocin addu'arta, wai sun zarce tsayin da doka ta yarda, take jin sa a wuya.

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Asabar da safe ta ɗaga bokiti ta juye, ashe mutumin yana tsugune a gindin shingen yana cire ciyawa. Ya miƙe da dodon koɗi a kan hula, wani a kafaɗa, wani har ya kama hanyar shiga wuyan riga.

Aka kira Wangdu daga ɗakin girkin gidan tsofaffi inda yake aiki, ya zo da gudu don ya yi tafinta.

"Amala, me kika yi kuma?" in ji shi, don haka ake kiran uwa da harshen Tibet.

"Ni? Shi wa ya aike shi laɓewa kamar dila? Ka ce masa hular ma ta fi kyau haka."

Wangdu ya juya ya ce wa Imboden, "Ta ce tana ba da haƙuri ƙwarai."

Imboden ya yi ja har kunne. Ya ce magana ɗaya ce: ko ta riƙa kashe su kamar kowa, ko ta bar filin, akwai masu jira birjik. Ya zaro almakashi daga aljihu ya miƙa mata.

Kyizom ta ɓoye hannayenta a ƙarƙashin gyautonta mai ratsi-ratsi. Ta san mutanen nan idan suka ce doka, to doka ce. Ta dubi kabejin da bai gama naɗewa ba, ta ji gwiwar nan ta motsa.

"Amala, guda ɗaya kawai, ya gani da idonsa," in ji Wangdu ƙasa-ƙasa. "Zunubin a kaina."

"Kanka nawa ne da zai ɗauka? Ka san ko kakanka ne ya dawo a haka? Dubi tafiyarsa, sak!"

Imboden ya ciro na wuyan rigarsa yana ci gaba da faɗa. Ya ce ko ba don latas ɗinsa ba, aikin banza take yi. Dodon koɗi ya san gidansa. Ka jefa shi bayan shinge, a hankali zai lallaɓa ya koma inda aka ɗauko shi.

Da Wangdu ya fassara, tsohuwar ta tambaye shi:

"Suna komawa gida?"

"Haka ya ce."

"Da wannan tafiyar tasu?"

"Wai sai dai idan an kai su nesa. Ƙetaren kogi, misali. Daga can ba sa iya dawowa."

"Wannan kam na sani," in ji ta.

Ta sunkuya ta ɗauki bokitin, ta miƙa wa Imboden, ta yi masa nuni ya zuba na hannunsa. Ya dubi Wangdu, ya dubi bokitin, ya zuba. Ya ce shi dai kada ya ƙara ganin ko ɗaya, inda za ta kai su kuwa ba ruwan ƙungiya.

Suka bi ta gada, ita a gaba tana ɗingishi, Wangdu a baya. A bakin daji ta zaɓi wuri mai damshi ta juye su a hankali. Wasu suka shige ƙoƙonsu. Wani babba ya fito da ƙahonninsa, ya juya ya fuskanci kogin.

Wangdu ya so ya tsokane ta, ya ce yau ta zama jami'ar mafaka, har da rabon masauki. Da ya ga fuskarta sai ya haɗiye maganar.

Ta durƙusa, gwiwar na ƙara, ta sa yatsa ta juya babban nan ya ba kogin baya.

"Kai, daina kallon can, ba ka iyawa," ta ce masa. "Hunturun farko ne mai wuya. Abincinsu ba daɗi, amma ana sabawa."