Ƙugiya a Hanyar Sabiru

Ɗayyabu masunci ne ya yanke hannun jikana, kuma ko a gaban wa zan faɗa.

Jikan nawa Sabiru ne, wanda aka zaɓa ya je Masar gasar ninƙaya. Duk Kazaure an sani, don an faɗa a rediyo. A dam ya koyi iyo. Da kocinsa na Kano ya ce ya riƙa gwaji a tsawon mita hamsin, ni na kwance igiyar gugana muka auna, muka ɗaura jarkoki biyu masu ruwan ɗorawa, ɗaya nan ɗaya can, da dutse a ƙasa. Shekara uku yana kai da kawo tsakaninsu. Ko yaran da ke kawo shanu shan ruwa sun san hanyar Sabiru ce.

Shi ne Ɗayyabu, don lalacin neman turke, ya ɗaure igiyar ƙugiyoyinsa a jikin jarkokina.

Ranar Talata da hantsi Sabiru ya shigo gida da hannu naɗe a riga.

"Iya, kada ki ɗaga murya."

"Buɗe in gani, maigidan."

Ƙugiya ta yage tafin hannun dama, ɗinki huɗu. Likita ya ce kwana goma ba shiga ruwa. Jirgi kuwa saura kwana goma sha shida, kuma koci ya ce sai ya sake duba gudunsa kafin a tashi. In ya ragu, wani za a ɗauka.

Yaron ya zauna bakin gado. Fasfonsa na ƙarƙashin matashi, kullum sai ya ciro ya kalla. Ya ciro da hagu.

"An ce ruwansu har layin da aka ja a ƙasansa ana gani, Iya. Ni da na saba da wanda ko yatsana ba na gani."

"Za ka gan shi. Za su gan ka su ma."

Na yafa mayafi na hau Keke Napep sai ƙofar Sarkin Ruwa, Malam Daudu. Na tarar da Ɗayyabu zaune a tabarma, an riga an kira shi.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan. Tambaye shi."

"Haba Baba Dela," in ji Ɗayyabu, "ruwa ai na kowa ne. Tarwaɗa na ɗana wa."

"To ka kama. Mai fasfo ka kama."

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba.

"Kuma ba kai ne jiya a teburin mai shayi kake cewa kai ka koya masa iyo ba? Kai da ko hularka ce ta faɗa ruwa sai ka nemo gora?"

Ya sunkuyar da kai. Malam Daudu ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ne.

Haƙuri ban ƙi ba, amma ba a tabarma za a ba ni shi ba. Na ce Ɗayyabu ya kwashe ƙugiyoyinsa yau, ina tsaye. Daga ranar da aka warware ɗinki, ya shiga kwalekwalensa ya tsare hanyar nan safe da yamma, har yaron ya hau jirgi.

"Ranka ya daɗe, ba zan tashi ba sai ya ɗago kai ya amsa mini, da bakinsa, a gaban jama'a."