Hular Baba Sallau

Ranar biyan albashi, in an tashi daga aikin madatsar Bakolori, su uku sukan hau mota zuwa Talata Mafara su ci tuwon shinkafa da kifi a rumfar Gimbiya. Akwai Baba Sallau birkila, mutumin Maradun, da Gidaɗo maigadi, sai Jibrin lebura daga Birnin Tudu. Tire ɗaya suke ci, kuɗinsa naira ɗaya da sule biyar, kowa sule biyar ke nan. Baba Sallau ne ya kafa dokar biya: ya cire hularsa, kowa ya dunƙule hannu ya tura ciki, kada wani ya ga abin da wani ya sa.

Wannan karon Jibrin bai karɓi albashi ba. Kwana goma ke nan da kamfani ya rage leburori har da shi, ɗan abin da aka sallame shi da shi kuma ya tafi a hatsi. Kunya ta hana shi faɗa musu, ta kuma hana shi ƙin zuwa. Kuɗin motar komawa kawai ke aljihunsa.

"Jibrin, tuwon ya yi maka laifi ne?" in ji Gidaɗo. "Sai lallaɓa shi kake yi."

"Ciki ne, Gidaɗo."

"Ci kifi, shi ne maganin," in ji Baba Sallau, ya tura masa tsakiyar.

Da aka wanke hannu hula ta zagayo. Jibrin ya tura hannu, ya buɗe shi wayam a ciki. Ya san in an juye za a ga giɓi, a kuma gane na wane ne.

Baba Sallau ya juye hular bisa tabarma, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Naira biyu cif. Ya ɗago ya dubi Gidaɗo, Gidaɗo ya dubi rufin rumfa. Nan Jibrin ya gane: kowannensu ya ji labarin, kowa ya biya masa a ɓoye bai shawarci ɗan'uwansa ba.

"Kuɗɗinku sun yi yawa," in ji Gimbiya. "Wa zan mayar wa sule biyar?"

Kowa ya janye hannunsa. Duk wanda ya miƙa hannu ya tona zancen.

"Aikin Jibrin ne," in ji Baba Sallau yana kakkaɓe hula. "Ya ga Turawan kamfani suna bar wa kuku canji bisa tebur, shi ma ya ɗauka."

"Ni dai ban ga Baturen da ke suɗe hannu ba," in ji Gidaɗo.

Baba Sallau ya juya wajen Gimbiya. "Tukuici ne, uwar gida. Ki riƙe."

Gimbiya ta dubi Jibrin ta ɗan jima. Leburori da yawa ke cin abinci a wurinta, babu labarin da ba ya iso ta.

"To, Malam Jibrin, Allah ya ƙara buɗi. Amma mai ba da tukuici ba ya fita rumfata hannu sake."

Ta shiga ciki, ta ƙunso soyayyen kifi uku a takarda ta ajiye masa a cinya. "Ka kai wa iyali."

Jibrin ya riƙe ƙunshin, ɗuminsa na ratsa tafinsa.

"Baba," ya ce a hankali, "an fa sallame ni."

"Allah ya sa haka ya fi alheri," in ji Baba Sallau, ya mayar da hularsa. "Ranar Asabar ka same ni Maradun da sassafe, ina da ginin shago. Tashi, kar mota ta bar mu."