Awa Huɗun Baba Simiyu

Ranar da aka cire agogon bango a ɗakin wankin ƙoda, ni kaɗai na lura. Ƙusa ce kawai ta rage a wurin.

"Batir ne ya mutu," in ji Sista Nanjala, babbar nas ɗin ɗakin, ba tare da ta dube ni ba.

Shekara ashirin ina sayar da wake a kasuwar Bungoma, na san fuskar mai tauye mudu. Sai na koma duba lokaci a wayata. Awa huɗu likita ya rubuta wa mijina a kan na'ura, Talata da Juma'a, amma awa biyu da rabi ake sauke shi. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmin coci ya ƙi shiga. Loma uku ta tuwon ugali, sai haki.

"Mama Simiyu, ki bar mutane su yi aikinsu," ya ce.

"Kai ai ko yanka ka za a yi, kai za ka wasa musu wuƙar."

*

Tun da aka soke tsohuwar inshorar lafiya aka kawo sabuwa, wannan kotu ta dakatar, waccan ta ce a ci gaba, na daina gane komai a rediyo. Abin da na gane shi ne baƙin fuskoki a kan bencinmu na jiran layi, har da masu mukullin mota. Na ce a raina, to, ga inda lokacin mijina ke tafiya.

Ranar Juma'a na tare Sista a bakin ƙofa.

"Nawa suke ba ki? Faɗa mini, ni ma in sayar da akuya."

Ta dube ni da jajayen idanu. Na so ta yi faɗa, ba ta yi ba.

"Mama, asibitocin kuɗi sun daina karɓar masu inshora, sai alƙalai sun gama. Duk an koro su nan. Na'ura shida gare ni, mutum saba'in. Ni na cire agogon, na gaji da kallon da kuke masa."

"Wannan ba matsalata ba ce. Awa huɗu aka rubuta."

"To, zan ba shi huɗun yau." Ta buɗe ƙofar sosai, ta nuna benci. "Amma mutum ɗaya zai koma gida sai Talata, in ya kai. Ke za ki nuna mini shi."

Na buɗe baki in ce Allah ya kiyaye. Daga ciki na jiyo tarin mijina Baba Simiyu, irin mai ruwa-ruwan nan.

A ƙarshen benci akwai wata tsohuwa da ta zo ita kaɗai, ba ɗa ba jika, ta ɗora takardunta a cinya. Ban san sa'ad da idona ya tsallake kowa ya tsaya a kanta ba. Ta ga ina kallonta, sai ta yi murmushi, ta matsa mini in zauna.