Hukuncin da Aka Yanke wa Zaƙi-Banza

Ranar da kwamitin masu haya ya yanke wa zaƙi-banza hukunci, ni kaɗai na ɗaga hannu a kan a bar ta. Mu tara ne a ƙasan bene, kan kujerun roba.

"Malam, ciyawa ce fa," in ji Ciyaman. Shekara talatin ya yi yana sayar da fenti, shi ya sa duk abin da ba a shafa wa launi ba yake ganinsa ƙazanta. "Furanni za mu shuka. Gidan mutane ne nan, ba juji ba."

"Ganye ne. Ana ci."

"Wa ke ci?"

"Mai cin ta rasu," na ce. Aka sunkuyar da kai, aka yi mata addu'a, sannan aka ƙirga hannuwa. Takwas da ɗaya.

Ɗan wurin da ake magana a kai yana bayan tagar kicin ɗina, inda bututun ruwan wanke-wanke yake ɗiga. Ba matata ce ta shuka ta ba. Ba a shuka zaƙi-banza, ita ke zaɓar mazauni: gindin katanga, bakin kwata, duk inda aka tona ƙasa aka watsar. Abin da marigayiyar ta yi shekara goma sha tara tana yi shi ne tsinke kawunan da farce kafin su yi fure, ta bar biyu su yi iri. Bayanta na ci gaba, ba don na iya miya ba.

A laburare na yi aiki har na yi ritaya, na kuwa karanta abin da aka rubuta a kanta. Baƙuwa ce, daga wata nahiya ta zo, ta zauna har ta fi 'yan gari sanin gari. Karan jikinta siriri ne, ganyenta mai dogon wuya da 'yar tsaga a tsini, ba ta da ƙaya kamar wata 'yar'uwarta. Irinta baƙi ne mai sheƙi, kamar ƙwayar yashi, dubbai a tushe ɗaya.

Kwamiti, da yake kwamiti ne, sai da ya yi mako bakwai kafin ya samo fartanya. A makonnin nan na daina tsinkar kawuna. Wanda aka yanke wa hukunci ai ba a yi masa aski. Duk tushen ya fitar da zangarniya, ta nuna, ta fara bushewa.

Ranar aikin, Ciyaman ya tsaya da hannu a ƙugu yana ba tsohon mai gadinmu umarni.

"Baba, karkaɗe ƙasar jikinsu da kyau. Ka ja su haka har bakin ƙofa, kada ka ɓata mana buhu."

Na buɗe baki. Allah ne shaidata, na buɗe.

"Malam, don Allah," ya ɗaga mini hannu, "an rufe wannan babin."

Na rufe nawa bakin. Na tsaya ina kallon Baba yana jan dami daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana karkaɗawa. Ban taɓa ganin shuka mai kyau irin wannan ba. Washegari suka kafce tsakar gidan kaf, suka zuba taki, suka yafa irin furanninsu, aka sa ban ruwa safe da yamma.

Kwana goma sha biyu, gida ya yi kore shar. Ciyaman ya ɗauki hoto ya tura wa surukansa. Nas ɗin hawa na biyu, wadda ita ce sakatariyar kwamiti, ta duƙa ta tsinko ganye ɗaya ta juya shi.

"Ranka ya daɗe, furen naka ya yi kama da miyar Malam."

Suka sake kafcewa. Irin da ya nutse ya taso sama, ya ga rana, ya ce bismilla.

Da hantsi ranar Asabar aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ciyaman ne, nas tana bayansa riƙe da littafin taro.

"Malam, an tashi lafiya? Ya ƙafar?"

"Ƙafa ƙalau. Ya lambu?"

Ya yi tari. "An ce kai ka san maganinta."

"Wa ya ce? Ni da na sha kaye takwas da ɗaya?"

"Haba Malam, girma ya wuce haka."

"Girman ne ya sa ban yi dariya ba."

Nas ta rufe baki da littafi.

Na ce masa magani uku ne, ba kuma a sayar da ko ɗaya a shago. A ajiye fartanya, don duk sara gayyata ce. A cire da hannu tun ba ta yi fure ba, damina biyu a jere. A rufe ƙasar da ɓawon katako mai kauri, don irin da bai ga haske ba barci yake yi.

"Amma 'yan furanninku da suka rage suna cakuɗe da ita, a wannan girman kuma ba mai bambance su a gidan nan sai ni. Ni kuwa idona ba ya gani sai an rubuta cewa bayan tagata nawa ne."

"Sai kwamiti ya zauna tukuna."

"To a zauna. Nan da mako bakwai ta sake yin iri."

Ya dubi tsakar gida ta ƙofar bene, ya daɗe yana kallo. "Sakatariya, rubuta."

Ta rubuta, ya sa hannu, na karanta sau biyu kamar yadda na saba.

Ranar Lahadi mutum takwas suka duƙa a tsakar gida. Aka fito mini da kujera. Ina zaune ina nuni da sanda: wannan fure ne, a bari, wannan ba naku ba ne, a cire. Ciyaman ya rarrafo yana cira har ya kusa bututun kicin ɗina, inda wasu 'yan tsiro goma sha wani abu suka fito, kowanne da tsagarsa a tsini. Ya miƙa hannu.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ka shigo gonar mutane."

Ya janye hannun, ya koma baya da gwiwa.