Inuwar Motar Mama

Da Mama za ta tafi jinyar yayarta, ta ɗora wa Yaya, babban ɗanta, makullin tsohuwar motarta a tafin hannu. Ta ce ya riƙa tayar da ita yana ɗan zagayawa kada batir ya mutu. In ta dawo ta same ta lafiya, ta zama tasa.

Wata da watanni, kullum ta bugo waya sai ya ce, "Yanzun nan ma na shigo da ita, Mama." Auta, ƙanwarsa, tana gefe tana jinsa. Ba ta taɓa tona shi ba, ko da yake ta san gizo-gizo ya yi gida a madubin motar.

Ranar da Mama za ta dawo, suka tashi wanke farfajiya. Sabon daɓe ne da aka yi kafin tafiyarta, farar tsakuwa da aka cuɗa da gam aka shafe sumul. Yaya ya murɗa makulli don ya matsar da motar, mota ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Dole suka tura ta bakin ƙofa.

Auta ce ta fara waiwayawa.

"Yaya, zo ka ga ikon Allah."

Duk farfajiyar ta koma rawaya kamar shayi da madara, ba wanda ya lura tunda a hankali ta rine. Amma inda motar ta tsaya fari ne fat, siffarta ta fito raɗau.

Yaya ya zuba sabulu ya dirje har ya jiƙe da gumi. A banza. Ya kira mai daɓen a waya.

"Ai ba datti ba ne, maigida," in ji mutumin. "Irin wannan gam ɗin ba ya jure rana. Inda inuwa ta daɗe kuwa haka yake zama fari. Ka bar wurin a buɗe, nan da wasu watanni zai kamo sauran."

"Watanni? Malam, tana hanya fa!"

Dabara ɗaya ta rage: a mayar da mota ta rufe wurin daidai. Yaya ya dubi Auta.

"Ke, shiga ki riƙe sitiyari. Wannan hannun naki ko kujera ba zai tura ba."

Ta shiga ta kama sitiyari. Yana turi yana nishi, ita kuwa ta leƙo ta taga tana bin farin layin da ido, tana murzawa kaɗan-kaɗan. Ta taka birki. Ko ɗigon fari bai leƙo ba.

Sai suka ji tafi. Mama ce tsaye a ƙofa da jakarta, mai tasi a bayanta yana ƙunshe dariya.

"Sannu da zuwa, Mama!" in ji Yaya. "Dama wanke..."

"Na gani, ɗan albarka. Tun kuna tsakiyar turi nake nan." Ta zagaya motar, ta sunkuya ta leƙa ƙasa. "Ashe daɓen ma ya fi ka faɗin gaskiya."

Ta miƙa hannu, ya ba ta makulli kansa a ƙasa. Ta juya ta danƙa wa Auta.

"Gobe a sa batir, ki fara koyo."

"To ni fa, Mama?"

"Kai ai ka ƙware a turi. In ta mace mata a hanya, za ta kira ka."